HARSHE GUZURIN MATAFIYI
Jawabin ƴaƴanmu biyu da suka komo daga aikin sa kai a ƙasar Ispaniya, kamar yadda aka karanta shi a taron ƙungiya na bayan kaka



Iyayenmu dattawa, Allah shi ja zamaninku. Malamai da limamai, Allah shi gafarta. Iyayenmu mata, da yayyenmu ƴan ci rani da kuka zo daga Kano da Legas da Agadas da Arlit, da ƙannenmu ƴan lakwal, muna gaishe ku baki ɗaya, muna yi muku barka da kaka.

Shugabannin ƙungiya sun umurce mu da mu tashi mu ba da labarin tafiyarmu. Mu biyu ne, ɗaya ɗan nan Bande, ɗaya ɗan ƙasar Dungas, dukanmu kuwa Kirista ne, kun san gidajenmu, kun san iyayenmu. Bakinmu ɗaya ne, shi ya sa mutum guda zai faɗa a madadin biyu. Mun tashi cikin watan Satumba na 2024, mun komo cikin watan Yuni na 2025, watau wata goma ke nan. Tun da muka sauka tambaya uku ake yi mana a kasuwa da bakin masallaci da bakin coci. Ta fari, ina amfanin wannan yare da kuka ɓata shekaru kuna koyo? Ta biyu, yaya mutum mai hankali zai je har Turai ya yi aikin da babu albashi? Ta uku kuwa samari ke yin ta a asirce: ta wace hanya ake shiga? To, za mu amsa su bi da bi, gwargwadon abin da idonmu ya gani.

1. YADDA MUKA KOYI HARSHEN

A lise a Damagaram muka fara jin Ispaniyanci, wurin wani mushe mai haƙuri, Allah shi saka masa. Shi ya fara gaya mana cewa harshen nan ba na ƙasa ɗaya ba ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a bakin uwa, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe wajen ashirin, tun daga Meziko har Ajantina. A nan Afirka ma akwai Gini Ikwatoriya, wadda ta sami mulkin kai daga hannun Ispaniya a 1968. Likitocin Kuba da suka yi aiki a asibitocin Nijar, da shi suke magana a tsakaninsu, kuma ƴaƴan ƙasar nan da aka tura Kuba karatun likita sai da suka fara koyonsa kafin su taɓa littafin magani.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne sauƙinsa ga bakin Bahaushe. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, daidai da namu, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Wanda ya sha bulala a kan rubutun Faransanci, inda ake rubuta baƙi shida a faɗi uku, ya san darajar wannan. Suna da ra mai kaɗawa irin tamu, wadda ke ba Bafaranshe wuya, mu kuwa tun muna goye muka iya ta. Suna raba namiji da mace kamar yadda muke yi, yawancin sunayen mata kuma da a suke ƙarewa: amigo aboki, amiga abokiya, hijo ɗa, hija ɗiya.

Malamai za su so jin wannan: akwai kalmomin Larabci da yawa a cikinsa, domin Musulmi sun yi mulki a ƙasar, wadda suke kira Andalus, daga 711 har 1492. Magajin gari alcalde suke ce masa, asalinta ɗaya da alƙali namu. Sukari azúcar. Hatta, hasta. In suna fatan wani abu sai su ce ojalá, wadda sunan Allah ne a ƙarshenta, ko da yake galibinsu ba su sani ba.

Wuyarsa tana wurin aikatau, domin kowane aiki yana sauya kama bisa ga mai yi da lokacin yi, sai an hardace kamar yadda almajiri ke hardace allo. Mun yi shekara huɗu a kai, da littafi ɗaya da muke karɓa-karɓa, da rediyo, daga baya da salula in an sami intanet. Duk da haka ranar da muka sauka kudancin ƙasar sai muka ji kamar ba mu taɓa koyon komi ba, saboda mutanen wajen suna haɗiye ƙarshen kalma, suna magana da gudu. Kamar dai yaron da ya koyi Hausa a littafi ne aka sauke shi tsakiyar kasuwar Magariya. Sai da muka yi wata biyu kunnenmu ya buɗe.

2. INDA AKA KAI MU

Wata ƙungiyar agaji ta coci ce ta gayyace mu, ta aiko da takarda, muka nemi biza a Yamai da fasfo ɗinmu, muka shiga jirgin sama ta Kazablanka. Aka kai mu lardin Almeriya, a bakin teku, kudu maso gabashin ƙasar. Wurin busasshe ne, ruwan sama bai kai namu ba. Amma sun haƙa rijiyoyi masu zurfi, sun lulluɓe gonaki da farar leda sama da hekta 30,000, har suna ce wa wurin tekun leda. Ƙarƙashin ledar nan ake noman tumatir da tattasai da kokwamba da kankana, ana ɗiga wa kowace shuka ruwa ta siririn tiyo a gindinta, ana loda wa manyan motoci zuwa Jamus da Faransa da Ingila a tsakiyar sanyi. Masu lambun rake da rogo na fadamarmu, da kun ga yadda suke tattalin ruwa da kun riƙe baki.

Akwai tsohuwar hanya tsakanin lardin nan da ƙasashenmu. Judar, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Songai a Tondibi a 1591, haifaffen lardin Almeriya ne. Dā su ke ƙetaro hamada su zo mana, yau mu ke ƙetarewa mu je musu.

Masu aikin cikin leda kuwa galibi baƙi ne: mutanen Maroko, da Senegal, da Mali, da Gambiya, da Gana, da ɗaiɗaikun masu jin Hausa daga Nijar da Nijeriya da zangunan Gana. Wasu suna da takardu da ɗakin haya. Wasu da yawa kuwa, musamman wajen Nihar, suna kwana cikin bukkokin katako da tsohuwar leda, ba ruwa ba wuta, in gobara ta kama ɗaya sai ta cinye layi. Ranku shi daɗe, mun rantse bukkar gona ta Bande ta fi waɗannan mutunci.

3. AIKIN DA MUKA YI

An ba mu wurin kwana da abinci da ɗan kuɗin sabulu, ba albashi. Da safe muna raba tufafi da abinci, muna raka marar lafiya asibiti ko mai neman takarda ofis. Da dare, in an tashi daga gona, muna koya wa ƴan'uwa Ispaniyanci, tun daga gaisuwa da ƙidaya har yadda mutum zai faɗi inda ke masa ciwo. Amma babban aikinmu shi ne tafinta: daga Hausa ko Faransanci zuwa Ispaniyanci, daga Ispaniyanci a komo.

A nan muka gane abin da ya sa muka ce harshe guzuri ne. Mun ga magidanci mai ƴaƴa biyar, wanda a garinsu in ya yi magana ana saurare, yana tsaye gaban likita kamar bebe, yana nuna ciki da hannu. Mun ga wanda ya sa hannu a takardar da ta ce an biya shi kwana 26, alhali kuɗin kwana 15 aka ba shi, don bai san abin da ke rubuce ba. Mun ga wanda ya shekara biyu a ƙasar bai san cewa ya kamata ya rubuta sunansa a rajistar magajin gari ba, wadda suke kira padrón, ita ce kuwa babbar shaidar ranar da mutum ya fara zama, da ita kuma ake samun katin asibiti cikin sauƙi. Ba rashin wayo ke damunsu ba, rashin baki ne.

Wanda ya fi tsaya mana a rai wani saurayi ne mai jin Hausa, mota ta buge shi da asuba yana kan keke zai tafi gona. Da aka duba takardarsa, sunan da ke ciki ba nasa ba ne, ƙasar ma ba tasa ba ce, domin haka masu fasa-ƙwaurin mutane suka koya masa ya faɗa. Abokan kwanansa laƙabinsa kaɗai suka sani. Mun yi mako uku muna bin lambobin da ke cikin salularsa ɗaya bayan ɗaya kafin mu dace da kawunsa. Musulmin wurin suka yi masa wanka da sutura da salla, muka tsaya a baya har aka gama. Da ba a sami mai jin Hausa da Ispaniyanci a wurin ba, da har yau uwarsa tana jiran ya bugo.

Ga masu cewa aikin da ba kuɗi wauta ne, iyayenmu za su amsa muku. Ku tambaye su gayya, ku tambaye su zamanin samariya, lokacin Kunce, da aka gina azuzuwan lakwal da rumbunan tsimi da hannu, ba wanda ya ce a biya shi. Ku tambaye su ƴan sa kai na Amurka da suka zauna ƙauyukan Nijar daga 1962 har 2011, suna shan fura suna fama da Hausa muna yi musu dariya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya a 2005, shekarar yunwa, ƙannenmu nawa suka rayu ta dalilinta? Mun daɗe muna karɓa. Wanda kullum hannunsa ke ƙasa, ran da ya sami dama ya kamata ya ɗora nasa a sama.

Kuma Turawan ma suna gayya. Ran 29 ga Oktoba 2024 ambaliya ta afka wa yankin Balensiya, mutum sama da 220 suka rasu. Dubban mutane suka fito a ƙasa da tsintsiya da shebur da bokiti, ba wanda ya kira su. An kai mu can kwana shida muna kwashe laka daga gidajen tsofaffi, kafaɗa da kafaɗa da ƴan Senegal da ƴan Maroko waɗanda wasunsu ko takarda ba su da ita. Wata tsohuwa ta tambaye mu daga ina, muka ce Nijar, ta ce ba ta san inda take ba, amma daga yau tana cikin addu'arta.

4. ZAMAN ADDINI

Iyayenmu, ku yi mana izini mu taɓa wannan, don mun san wasu sun yi zaton mun tafi wurin ƴan'uwanmu ne mu huta. Kirista a ƙasar nan ba baƙi ba ne. Ƴan mishan sun sauka Damagaram tun 1924, daga baya suka zauna Dungas, Littafi Mai Tsarki kuma yana nan da Hausa tun 1932. Amma mu kaɗan ne, mun tashi cikin Musulmi, mun ci naman layyarku, kun ci tuwon Kirsimatinmu. Ba mu manta da 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da aka ƙona coci-coci a Damagaram, ba mu kuma manta cewa maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye waɗansu Kirista cikin ɗakunansu ba.

Da muka je can sai abin ya juya. Coci a kowace unguwa, ƙararrawa na bugawa, Musulmi su ne ƴan kaɗan, masallacinsu sau da yawa tsohon shago ne ko gareji. Cocin ma ba irin namu ba ne, yawancinsu Katolika ne, mu kuwa ƴan bishara, gine-gine manya amma tsofaffi ne a ciki, ba ganga ba tafi. Mu ma baƙi muka zama. Sai muka tarar abin da muka koya a Bande shi ne ya fi amfani. Mu ne muka gaya wa masu dafa abinci cewa ba cire naman alade daga miya kaɗai ba, tukunyar ma a sake. Mu ne muka nemi a sauya lokacin darasi da azumi ya kama cikin Maris na 2025, a ajiye dabino da ruwa a bakin ƙofa. Mu ne muka nuna wa sabon zuwa gabas. Wani Bature ya tambaye mu yaya Kirista ya san duk wannan, muka ce a garinmu wanda bai san lokacin sallar maƙwabcinsa ba, ba a ce masa ɗan gari. Addininmu ya umurce mu da ƙaunar maƙwabci, amma ku ne kuka nuna mana yadda ake yin ta. Bashin da muka ci a nan, shi muka je muka rage a can.

5. MAGANAR HANYA DA KUƊI

Yanzu ga samari. Ba za mu ce muku babu kuɗi a Turai ba, ƙarya ne. A 2024 mafi ƙanƙancin albashi bisa doka yuro 1,134 ne a wata, yuro ɗaya kuwa sefa 656, watau wajen jika 744. Amma wannan na mai takarda ne. Marar takarda sai ya tsaya bakin hanya da asuba, in an ɗauke shi yau, gobe ba tabbas, abin da aka ba shi kuma shi ke nan, ba inda zai kai ƙara da bakin da ba shi da shi. Daga ciki zai biya wurin kwana da abinci da bashin hanya. Har zuwa 2025 sai mutum ya shekara uku a haka kafin ya nemi takardar zama, dokar da ta fara aiki cikin Mayu na 2025 ta mai da shi biyu, kuma yawanci sai ya kawo shaidar wanda zai ɗauke shi aiki. Hoton da ake aiko muku a jikin mota, motar ba tasa ba ce.

Hanya kuwa kun fi mu saninta. Cikin Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33, maza 7, galibinsu mutanen Kance ne, nan kusa da mu. Ran 24 ga Yuni 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Meliya, garin Ispaniya da ke gaɓar Maroko. A 2024 mutum sama da 46,000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale, waɗanda teku ta ci kuwa ba mai iya ƙidaya su daidai. An soke dokar 2015 mai hana jigilar baƙin haure cikin Nuwamba na 2023, motoci sun koma tashi daga Agadas a fili, amma soke doka bai ƙara rijiya ko ɗaya a hamada ba.

Ba mu ce kowa zai sami hanyar da muka samu ba. Ƙofa ce ƙarama, biza tana da wuya, mu ma sai da muka jira wata da watanni. Ci rani kuma gadonmu ne, da shi ake cike gibin rumbu, ba wanda zai hana. Abin da muke cewa shi ne, mu da waɗancan ƴan'uwa ƙasa ɗaya muka taka, rana ɗaya ta buge mu. Abin da ya raba mu biyu ne tak: harshe a baki da takarda ta gaskiya a aljihu. Kuma duka biyun a nan gida ake fara neman su, da kuɗin da bai kai na tunkiya ba.

6. ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Na ɗaya, kowane uba ya yankar wa ɗansa takardar haihuwa tun yana jariri, mace da namiji. Ba jarrabawa, ba katin ɗan ƙasa, ba fasfo sai da ita.

Na biyu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya don littattafai da kuɗin jarrabawa na yaran da suka nuna ƙwazo a harshe. Ba lalle Ispaniyanci ba. Mai zuwa Libiya da Aljeriya Larabci zai cece shi, mai zuwa Legas Ingilishi da Yarbanci, mai zama nan Faransanci da Hausar boko da ajami.

Na uku, a buɗe littafin ƴan ci rani wurin magatakarda. Duk mai tafiya ya rubuta sunansa na yanka, da na ubansa, da inda ya nufa, da lambar wanda za a kira. In ya sauya gari ya aiko. Kada ɗan Bande ya kwanta a wata ƙasa da sunan da ba nasa ba.

Na huɗu, duk wanda zai sayar da gona ko ya jinginar da fadama don kuɗin hamada, dattawa su zaunar da shi tukuna, a kira mu mu gaya masa abin da muka gani. In ya ji ya ce zai tafi, ya tafi da saninsa.

Na biyar, mu ma ga namu. Cikin hutun lakwal za mu riƙa koyar da duk mai so, kyauta, da marece bayan la'asar, yaro ko babba, Musulmi ko Kirista. In damina ta yi nisa kuma, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara, muna neman samari goma da za su haɗu da mu, masu babur da masu amalanke, a riƙa kai yaro likita tun ranar fari, a raka uwar da ba ta jin Faransanci. Magatakarda yana da takarda, mai so ya ba da sunansa kafin a watse.

Iyayenmu, mun yi tsawo. In akwai inda harshenmu ya zarce a gaban manya, a yafe mana, yaro ne ya yi magana. Muna godiya ga waɗanda suka yi mana guzuri da waɗanda suka yi mana addu'a, da waɗanda suka taya iyayenmu noma muna can. Allah shi kai matafiyanmu lafiya, shi komo da su lafiya. Allah shi jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi bar zumunci.